Filin Mata: Jami'ar Ahmadu Bello Ta Zariya, Hanyar Shiga Da Zaman Ciki

 

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, yawancinsu magana ɗaya suke yi. 'Yan mata na ajin ƙarshe na sakandare suna tambaya ta yaya ake shiga jami'a, iyayensu mata kuwa suna tambaya in an shiga me ake tararwa a can, nawa za a kashe, kuma ko yarinya za ta tafi ta komo da mutuncinta. Duk tambayoyin nan suna kan hanya. Saboda haka a wannan mako za mu ɗauki jami'a guda mu zagaya ta tun daga bakin ƙofa har ɗakin kwana, watau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin ita ce uwar jami'o'in Arewa. Wadda ta gane yadda al'amarinta yake, sauran ba za su yi mata wuyar ganewa ba. Ke kuma uwargida wadda 'yarki tana firamare tukuna, kada ki ce maganar ba taki ba ce. Yau ana goyo, gobe sai ki ga yarinya ta fi ki tsawo tana neman kuɗin fom.

Asalinta

A zamanin Turawa, wanda yake son karatun jami'a a ƙasar nan sai ya tafi Badun, inda aka buɗe kwalejin jami'a a 1948, ko kuwa ya haye ruwa zuwa Ingila. 'Yan Arewa da suka sami wannan dama kaɗan ne ƙwarai, mata kuwa sai a ce babu. Da samun mulkin kai ya gabato, gwamnati ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin wani Bature mai suna Ashby don ya duba irin ma'ilmantan da ƙasa za ta bukata. Ya ba da rahotonsa a 1960, cikin shawarwarinsa har da kafa jami'a a Jihar Arewa. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya tsaya a kan maganar, har aka buɗe jami'ar ran 4 ga watan Oktoba 1962. Aka sa mata sunansa, shi ne kuma ya zama uban jami'ar na farko.

Ba a filin Allah aka fara ta ba. Akwai makarantu da ma'aikatu da suka riga ta, aka tattara su aka yi mata harsashi da su. Akwai babbar kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo inda ake horar da ma'aikatan En'e da na gwamnati, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da gonar dabbobi ta Shika, da kuma wata kwaleji a Kano wadda aka sa wa sunan Sarki Abdullahi Bayero. Ranar da aka buɗe, tsangayoyi 4 ne kaɗai, sassa 15, ɗalibai duka duka 426. Yau ɗalibanta dubun dubbai ne, daga kowace jiha ta Nijeriya, har da na ƙasashen maƙwabta.

Shugabanta na farko Dokta Norman Alexander ne, mutumin ƙasar Niyu Zilan. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Dokta Ishaya Audu, wanda likitan yara ne, ya riƙe ta har 1975. A shekarar nan ta 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar, tana hannunta har yanzu. Kwalejin nan ta Kano kuwa ta girma ta tsaya da ƙafarta a 1977, ita ce Jami'ar Bayero. Kun ga ke nan dalilin da ya sa muka ce uwa ce.

Inda take

Abu na farko da za ki sani, 'yar makaranta, shi ne jami'ar ba a wuri ɗaya take ba. In kin ce wa direba ya kai ki jami'a kawai, zai tambaye ki wacce.

Babbar harabar tana Samaru, wajen kilomita 15 daga birnin Zazzau, a kan hanyar da ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Gari ce sosai mai zaman kanta. Akwai ofisoshin shugabanni a cikin dogon bene, da azuzuwa, da ɗakunan gwaje-gwaje, da masallatai da majami'u, da asibitin ɗalibai, da bankuna, da filayen wasa, da gidajen malamai, har da madatsar ruwa a kan rafin Kubanni. A nan ne babban ɗakin karatu yake, wanda aka sa wa sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa na dā. Yarinyar da ta saba da 'yar makarantar da za a tsaya a ƙofa a hango ƙarshenta, makon farko ƙafafunta za su gaya mata. Sai a tanadi takalmi mai sauƙin tafiya, a bar mai tsini don ranar biki.

Haraba ta biyu tana Kongo, kusa da Tudun Wada, can wajen gari. A nan ake koyar da aikin shari'a da aikin mulki. Wadda ta sami gurbin karatun lauya, Kongo ce gidanta.

Wuri na uku shi ne Shika, gaba da Samaru kaɗan a kan hanyar nan ɗaya. Nan ne asibitin koyarwa yake tun 2005, lokacin da aka tashe shi daga tsofaffin asibitocin da yake amfani da su. Da yawa daga cikinku kun san Shika ta hanyar jinya ko dubiya. To, waɗannan samari da 'yan mata masu fararen riguna da kuke gani suna bin bayan babban likita daga gado zuwa gado, ɗalibai ne, karatunsu ke nan.

Ban da waɗannan, jami'ar tana da kwalejojin aikin gona a Samaru da Mando ta Kaduna da Kabba, da makarantar share fage a Funtuwa, da kuma Gidan Arewa a Kaduna, watau gidan da Sardauna ya zauna, wanda aka mai da shi wurin ajiye takardun tarihi da bincike.

Abin da ake koyarwa

Jami'a an raba ta tsangaya tsangaya, kowace tsangaya kuma an raba ta sashe sashe. Ba mu da filin da za mu lissafa su duka, amma ga manyansu da shekarun da akan yi.

Akwai aikin likita, shekara 6, bayanta kuma shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Akwai likitan dabbobi, shi ma dogon karatu ne kamar na mutane. Akwai aikin jinya da haɗa magunguna, su ma sun wuce shekara 4. Aikin lauya shekara 5 ne, sa'an nan a tafi makarantar horar da lauyoyi a ƙara wajen shekara guda kafin a sa wa mutum rigar aiki, a Kongo kuwa ana koyar da dokar ƙasa da ta Musulunci duka. Aikin injiniya da aikin gona shekara 5 ne. Sauran fannoni, irin su koyarwa, da tarihi, da Hausa, da Larabci, da Turanci, da aikin jarida, da tattalin arziki, da aikin akanta, da lissafi, da ilmin kwamfuta, da kimiyyar halittu, yawancinsu shekara 4 ne.

Akwai kuma waɗansu fannoni da mata ba su cika jin labarinsu ba, alhali kuwa sun dace da hannunsu. Ana koyar da zanen gine-gine, da zanen atamfa da rini da saƙa, da ginin tukwane da tangaran na zamani, da tattalin gida, da aikin ɗakin karatu. Kada ki raina irin waɗannan. A 1977 jami'ar nan ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa saboda gwanintarta ta ginin tukwane, ita ce matar da kuke gani a bayan takardar naira 20 tana aikinta.

Kuma ku sani aikin jami'ar ya daɗe da shigowa madafinku, ko da ba ku lura ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ita ke fitar da sababbin irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga, shi ya sa za ku ji sunayensu suna farawa da SAM, kamar SAMMAZ da SAMNUT da SAMPEA. A 2019 aka fitar da wani irin wake nata wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cin ƙarfinsa. Cibiyar dabbobi ta Shika kuwa ita ta fito da kazar nan mai yawan ƙwai da ake kira Shika Brown. Saboda haka in yarinya ta ce aikin gona za ta karanta, kada a yi mata dariya a ce ta tafi jami'a don ta koyi riƙon fartanya.

Hanyar shiga

To, a nan ne ake yawan faɗuwa, sai ku karanta a hankali.

Mataki na farko tun daga aji huɗu na sakandare yake farawa, ranar da aka raba ɗalibai, waɗansu kimiyya, waɗansu fasaha, waɗansu kasuwanci. Yarinyar da take son likita amma ta gudu daga ajin kimiyya don ƙawarta tana wancan ajin, ta riga ta rufe wa kanta ƙofa da shekara 3 kafin ta iso bakinta. Uwa, a wannan lokacin ne za ki zauna da 'yarki ki tambaye ta abin da take so ta zama, sa'an nan ki aika mahaifinta ko yayanta ya ji ta bakin malamanta.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar fita, WAEC ko NECO. Ana bukatar kiredit 5 a darussan da suka dace da fannin da ake nema, Turanci a cikinsu, kuma a same su a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Lissafi tilas ne ga masu kimiyya da injiniya da kasuwanci, kuma ko wane fanni kike nema kada ki yi sakaci da shi. Ga wata magana da za mu faɗa ba ɓoye-ɓoye. Akwai iyayen da suke biyan kuɗi a kai yarinya inda za a rubuta mata amsa. Wannan cuta ce aka yi mata da sunan gata. Takardar za ta yi kyau, amma ranar da ta zauna a aji a Samaru ba mai rubuta mata, in kuwa aka kama ta da satar jarrabawa a can, kora ce.

Mataki na uku shi ne jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don tsara shiga manyan makarantu. Da kwamfuta ake yinta, darussa 4, Turanci da waɗansu 3, maki 400 gaba ɗaya. Mai neman likita, ga misali, za ta ɗauki fizis da kemistiri da bayoloji. Mai neman lauya ba ta rabuwa da adabin Turanci. Yarinya da yawa ta ci maki mai kyau amma ta rasa gurbi don ta haɗa darussan da ba su ne fannin yake nema ba. Hukumar tana da littafin da ya bayyana abin da kowane fanni yake bukata, a duba shi kafin a cika fom. Ba a yin rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, saboda haka a nemi wannan tun da wuri. A lura ƙwarai sunan yarinya da ranar haihuwarta su zo daidai a kowace takarda. In nan an rubuta A'isha, can Aishatu, can kuma an sa sunan kaka maimakon na uba, wahalar gyara za ta ci watanni. Shekarun shiga kuwa 16 ne. Wadda ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, a samo mata inda za ta koya ko na wata guda ne, don kada hannu ya yi ta rawa lokaci yana tafiya.

Mataki na huɗu, jami'ar da kanta takan tantance waɗanda suka zaɓe ta kuma suka kai makin da ta yanka. Makin nan yana sauyawa shekara shekara, kuma na kowane fanni daban. Likita da lauya da haɗa magunguna da jinya su ne masu cunkoso, masu nema sun ninka guraben sau da yawa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko. Wannan tsari yana taimakon 'ya'yanmu, amma ba ya ɗaukar wadda ba ta yi karatu ba.

In an ba yarinya gurbi, za ta gani a shafin JAMB na intanet, kuma sai ta shiga ta amsa cewa ta karɓa. Gurbin da bai bi ta hannun hukumar nan ba, ba gurbi ba ne. Ku riƙe wannan da kyau, domin kowace shekara 'yan damfara sukan fito. Wani zai bugo waya ya ce shi ma'aikaci ne, a turo kuɗi kaza zai sa sunan yarinya a jeri. Uwa ta sayar da akuyarta ko 'yan kunnenta ta tura, daga nan lambar ta daina shiga. Ba a sayar da gurbi ta waya, kuɗin makaranta kuma ba a zuba shi a asusun wani mutum.

In ba a samu ba fa?

Ba a nan duniya ta ƙare ba. Hanyar shiga ba ɗaya ba ce. Akwai makarantar share fage ta Funtuwa wadda aka yi musamman don 'ya'yan Arewa da suke bukatar ƙarin shiri. Akwai jarrabawar IJMB, wadda jami'ar nan ce take gudanar da ita, mai cin ta da kyau takan shiga aji biyu kai tsaye. Haka nan wadda ta yi NCE a kwalejin horar da malamai, ko difloma a kwalejin fasaha, tana iya neman shiga aji biyu. Kuma in an ba ki wani fanni ba wanda kika nema ba, ki yi shawara kafin ki ƙi. Zama a gida shekara 3 ana jiran likita, alhali ga gurbin kimiyya ko koyarwa a hannu, ba kullum ne yake zama dabara ba.

Ke ma uwargida, ƙofar ba ta rufe miki ba. Akwai matan aure da yawa a azuzuwan Samaru da Kongo, waɗansu da goyo. Jami'ar kuma tana da cibiyar karatu daga nesa, inda akan yi yawancin darussa ta intanet daga gida. In kina da kiredit ɗinki a ajiye cikin akwati, ki fito da su ki kaɗe ƙura, ki sami maigida a lokacin da ya ci ya ƙoshi hankalinsa yana kwance, ku yi maganar.

Kuɗi

A jami'ar tarayya abin da ake biya bai kai na jami'o'in 'yan kasuwa ba ko kusa, amma kada a ce kyauta ce. Akwai kuɗin rajista kowace shekara, wanda ya bambanta daga fanni zuwa fanni, da kuɗin ɗaki, da littattafai da takardun darasi, da kuɗin mota, da abinci. Abincin nan shi ne mai cin kuɗi a hankali ba a sani ba. Uwa mai dabara takan haɗa wa 'yarta garin tuwo, da shinkafa, da wake, da kuka da kuɓewa busasshiya, da daddawa, da yaji, da man gyaɗa, da garin kunu, don kada ta dogara ga sayen abinci kullum.

Gwamnatocin jihohi da yawa suna ba 'yan asalinsu tallafin karatu, ko da yake ba kullum yake zuwa a kan kari ba. A nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri. Tun 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, wanda ake kira NELFUND. Babu ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa. Amma rance rance ne, sai a yi shawara da mahaifi kafin a sa hannu.

Shawararmu ga iyaye mata ita ce a fara tari tun yarinya tana aji huɗu. Yadda kike adashi kina sayen kwanuka da gado kina ajiyewa don ranar aurenta, ki ware wani kaso don ranar rajistarta. Kwano yakan fashe, gado yakan karye, abin da ta karanta kuwa yana tare da ita ko ina aure ya kai ta.

Zaman ciki

Ɗakunan kwanan mata daban suke da na maza, da masu gadi a ƙofa da matan da ke lura da su. A Samaru waɗanda aka fi sani su ne na Amina, mai sunan Sarauniyar Zazzau, da na Ribadu. Sai dai gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, saboda haka da zarar an gama rajista a nemi ɗaki ba tare da jinkiri ba. Wadda ba ta samu ba sai haya a cikin garin Samaru. In ya zama haka, kada a bar yarinya ta nemi gida ita kaɗai. Uba ko kawu ya je ya ga gidan da idonsa, ya ga maƙwabta, ya ga nisansa da ƙofar makaranta, ya tambayi ruwa da wuta, kuma ta zauna da 'yan'uwanta mata waɗanda aka san iyayensu.

A ɗaki ɗaya za ki iske Bahausa da Bayarabiya da 'yar Ibo da Banufiya da 'yar Tibi, Musulma da Kirista. Wannan ma karatu ne. Ki riƙe addininki da tarbiyyarki, ki girmama na wata, kada ki taɓa kayan da ba naki ba, ki kuma kulle akwatinki. Sanyin hunturu a Zariya ba wasa ba ne, daga Disamba zuwa Janairu sai da bargo da rigar sanyi da man shafawa. Gidan sauro kuwa kowane lokaci.

Babban bambancin jami'a da sakandare shi ne babu mai kaɗa miki ƙararrawa. Babu mai tashinki da asuba, babu mai dukanki in kin ƙi zuwa aji. Malami zai shigo ɗaki mai ɗaukar ɗaruruwa, ya yi bayaninsa ya fita, wadda ta makara tana can baya ba ta ji. Ana tara maki tun daga zangon farko na shekarar farko, kuma kowane zango yana shiga lissafin digirin da za a ba ki a ƙarshe. Wadda ta yi wasa da aji ɗaya tana cewa za ta gyara a gaba, za ta yi shekara 3 tana biyan bashin wata 4. Wadda makinta ya faɗi ƙasa ƙwarai akan yi mata gargaɗi, in ba ta gyara ba a sallame ta. Saboda haka ki je aji da wuri ki zauna a gaba, ki san hanyar ɗakin karatu tun makon farko, ki nemi ƙawaye biyu ko uku masu son littafi.

Yanzu ga maganar da ta fi damun iyaye. Jami'a kasuwa ce, kowane irin mutum yana cikinta, kuma haka kowace babbar makaranta take a duniya. Yarinyar da ta san abin da ya kawo ta, ta san kuma za ta iya gaya wa uwarta kome ba tare da tsoro ba, ita ce mai wuyar ruɗi. 'Yata, kada ki karɓi kyautar da ba ki san dalilinta ba. Kada ki je ofishin kowa ke kaɗai bayan an tashi aiki. In wani, ɗalibi ne ko babba, ya matsa miki da maganar banza ko ya yi miki barazana da maki, kada ki yi shiru. Ki ajiye saƙonnin da ya aiko, ki gaya wa iyayenki, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ke kuma uwa, in 'yarki ta zo miki da irin wannan magana, kada ki fara da zagi ko ki ce a cire ta daga makaranta, domin in ta ga haka ne sakamakon faɗin gaskiya, gobe ba za ta faɗa ba. Ki riƙa kiranta, ki san sunayen ƙawayenta, in hali ya yi ki kai mata ziyara.

Akwai kuma yajin aikin malamai, wanda yakan shafi yawancin jami'o'in gwamnati. A 2020 an rufe wajen wata 9, a 2022 kuma wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saboda haka karatun shekara 4 yana iya zama 5. A sa wannan a lissafi, musamman in akwai maganar aure. In an yi wa yarinya miji tana cikin karatu, a yi magana a fili tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, cewa za ta ƙarasa. Alkawarin da aka yi a zaure gaban manya ya fi wanda saurayi ya yi a waya ƙarfi. Bayan an gama akwai hidimar ƙasa ta shekara guda, matar aure kuwa tana da damar neman a bar ta a jihar da mijinta yake.

Me za a samu?

Jami'ar nan ta yaye Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, da gwamnoni da sarakuna da alƙalai masu yawa. A cikin mata akwai Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta gama karatun lauya a can a 1975, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga 2014 zuwa 2020. Akwai Zainab Shamsuna Ahmed da ta karanta aikin akanta, ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta ƙasa daga 2018 zuwa 2023. Akwai Hadiza Bala Usman da ta shugabanci hukumar tashoshin jiragen ruwa daga 2016. Ba kowace yarinya za ta kai nan ba, kuma ba ma cewa digiri yana zuwa da aiki a hannu, domin masu takarda da ke zaune a gida suna da yawa.

Amma ku tuna da abin da mu mata muke faɗa kullum a bakin asibiti. Mukan ce da ma likita mace ce za ta duba mu, da ma mace ce za ta karɓi haihuwar nan, da ma malama ce take koyar da 'yan matanmu, da ma akwai lauya mace da za ta saurari kukan wadda aka danne wa gado. Waɗannan matan ba daga sama za su faɗo ba. Daga ɗakunanmu za su fito, kuma sai wata uwa ta daure ta haɗa wa 'yarta akwati.

Wadda take da tambaya a kan wani fanni, ko a kan makarantun jinya da ungozoma, sai ta rubuto, ta faɗi ajin da take da darussan da take ɗauka, don amsar ta zo daidai da bukatarta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kwalejojin horar da malamai da yadda ake bi ta cikinsu a kai ga digiri. Ku gai da yara da masu gida. Haza wasalam.